Yadda ake kawo mata Ingila bayan ɗaurin aure, daga biza har izinin aiki da zaman dindindin

Duk wanda ya je gida aka ɗaura masa aure ya dawo Ingila shi kaɗai ya san tambayar nan da ba ta ƙarewa, "toh yaushe amarya za ta tare?" Surukai na tambaya, abokai na tsokana, ita ma in dare ya yi kuna waya sai ta sako maganar ta gefe, kai kuma kana kwance kana lissafin albashi a ka. Ni wata 11 na yi ina cewa in sha Allahu an kusa, kuma wallahi rabin jinkirin laifina ne, don sai da aka watse daga biki aka kwashe rumfuna sannan na fara tambayar me ake buƙata. Alhali aikin takardun nan aƙalla wata 6 kafin ranar cike fom yake farawa, in da hali ma tun kafin a sa rana.

Abu na farko, ka san kai wane ne a idon hukuma. Bizar ma'aurata da nake magana a kai, wadda ke ƙarƙashin sashen dokar da suke kira Appendix FM, ta mai fasfon Birtaniya ko na Ireland ce, ko wanda ya samu zaman dindindin wato ILR, ko wanda aka ba mafaka. In kai ɗalibi ne ko kana kan bizar aiki, ƙofarka daban ce, iyalinka a jikin bizarka za su rataya, kuma can ɗin ma an matse, tun Janairun 2024 ɗan mastas na zaman aji ba ya kawo iyali sai masu digirin bincike irin su PhD, daga 11 ga Maris 2024 kuma sababbin masu aikin kula da tsofaffi su ma an rufe musu. Sannan ke 'yar'uwa da kike nan mijin yana gida, duk abin da zan faɗa dokar ɗaya ce, ki juya sunayen kawai.

Abu na biyu da mutane ke ruɗewa a kai: babu wata takardar izinin aiki daban da za a je nema bayan ta iso. Bizar ita ce izinin zaman, ita ce izinin aikin. Ranar da ta sauka a filin jirgi da wannan bizar tana da damar yin kowane irin aiki na halal a doka, ko ta buɗe sana'arta, ko ta shiga makaranta, ba sai wani kamfani ya tsaya mata ba. Saboda haka duk ejan ɗin da ya ce ka kawo kuɗi na musamman zai ciro mata takardar aiki, ka riƙe aljihunka.

Kuma dan Allah kar wani ya zuga ka cewa ta shigo da bizar ziyara kawai sai a gyara daga ciki. Ba a gyarawa. Mai bizar ziyara ba ya komawa ta aure daga cikin ƙasa, dole ta koma gida ta nema daga can, in kuma ta wuce wa'adi an ɓata fayil ɗin da hannu. Akwai bizar baiko ta wata 6 ga wanda yake son a yi auren a nan, amma a wata shidan nan ba ta da izinin aiki, kuma bayan auren sai an sake biyan wani kuɗin an sake cike wani fom, ga mu da ake ɗaura wa aure a ƙofar gidan waliyyi ba ta da wani amfani. Wadda kuwa dama tana nan kan bizar karatu ko ta aiki kuka haɗu, ita tana iya canjawa daga ciki, sai dai ku sani ɗaurin auren masallaci shi kaɗai a Ingila ba aure ba ne a doka in ba a yi masa rajista ba, sai kun je ofishin rajistar aure kun ba da sanarwa kun jira kwana 28, wani lokaci a ja shi zuwa kwana 70 in Home Office, wato ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya, na son dubawa.

Toh yanzu auren kansa. Ƙa'idarsu ita ce in aure ya halatta a dokar ƙasar da aka ɗaura shi, su ma sun karɓa, kaga auren Musulunci da aka ɗaura a Kano ko Zariya ko Maraɗi aure ne, ba dole sai an je rajista an sake wani ba. Amma takarda suke so su gani. Ka nemi shaidar aure mai hatimi, ni na fi natsuwa da ta kotun shari'a ko ta ƙaramar hukuma a kan ta masallaci zalla, kuma tun ranar ka zauna da mai rubutawa ka duba harafi bayan harafi. Tawa sai da aka sake ta, don a fasfo matata Aisha ce, mai rubutu kuma don girmamawa ya rangaɗa mata A'ishatu, ni kuma ya mai da Mohammed ɗina Muhammadu, ya sa ranar Hijira kaɗai. A wurinmu duk ɗaya ne, a wurin wanda ke zaune a ofis bai taɓa jin sunan ba mutum huɗu ne daban. In takardar da Hausa take ko Larabci ko Faransanci sai an haɗa da fassarar mai fassara na ƙwarai, wanda zai sa sunansa da adireshinsa da kwanan wata ya kuma rubuta cewa fassarar daidai take. Wanda yake son yin na rajista ƙarƙashin dokar aure ta Najeriya kuma ya sani wancan auren mace ɗaya ne, yana da nasa hukunce-hukuncen, ya tambayi malami da lauya kafin ya sa hannu don kawai biza.

Sauran sharuɗɗan a taƙaice: ku duka biyun kun kai shekara 18, kun taɓa haɗuwa ido da ido, ba a waya kaɗai ba. Auren haɗi na iyaye ba laifi ba ne a wurinsu muddin ba dole aka yi ba, auren zumunci ma haka, in aka tambaya ko kuna da dangantaka ka faɗi gaskiya 'yar kawunka ce. Mace ta biyu kuwa babu hanya, in akwai uwargida da ta riga ta shigo a matsayin matarka kuma auren yana nan, amarya ba za ta samu wannan bizar ba. Wanda ya taɓa aure kuma ya kawo shaidar rabuwa. A nan 'yan'uwa da yawa ke faɗawa rami, saki da ka furta ko ka rubuta kana cikin Birtaniya ba saki ba ne a dokarsu, in auren farkon doka ta san da shi sai kotu ta raba ta ba ka takardar ƙarshe, in ba haka ba a idonsu har yanzu kai mijin waccan ne kuma sabon auren bai zauna ba.

Sai babban dutsen, kuɗi. Daga 11 ga Afrilu 2024 dole mai kawowa ya nuna yana samun aƙalla fam 29,000 a shekara kafin a cire haraji. Kafin nan fam 18,600 ne tun 2012, gwamnatin da ta gabata ma ta so kai shi 38,700 aka dakatar. In ka raba 29,000 gida 12 kusan fam 2,417 ke nan a wata. Yara ba sa ƙara adadin a sabon tsarin. Kuma albashin da ita take ɗauka a gida, ko likita ce a asibitin koyarwa, ba ya shiga lissafi a wannan karon na farko, naka kaɗai ake dubawa.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka yi wata 6 cif a wurin aiki ɗaya kana ɗaukar wannan adadin ko fiye. Sai ka haɗa abu uku: takardun albashi na wata 6 a jere, sitatimen banki na wannan wata shidan da ke nuna kuɗin na shiga, da wasiƙa daga wurin aikin da ta faɗi matsayinka, yaushe ka fara, nawa ne albashinka a shekara, tun yaushe kake kan wannan albashin, kuma aikin na dindindin ne ko na kwantiragi. Abun da ke ka da mutane shi ne ukun nan su ƙi yin magana da baki ɗaya. Takardar albashi ta ce an biya ka fam 1,987.40, toh a sitatimen ma a ga 1,987.40, ba 1,950 ba. Ni akwai watan da aka yi kuskure a wurin aikinmu aka biya ni kashi biyu, rabi ranar Juma'a rabi ranar Talata, sai da na bi mai lissafin albashi kamar mai bin bashi kafin ya rubuto min layi biyu na bayani na haɗa. Sannan ga dokar kwana 28, takardar albashi ta ƙarshe da sitatimen na ƙarshe kar su wuce kwana 28 da fitowa a ranar da aka tura fom ɗin aka biya kuɗi. Wato ba a tara takardu a ajiye a jira sai an samu kuɗin biza ba, in wata ya juya sai ka sako sababbi.

In aikin awa-awa kake, wata ya yi kyau wata ya yi sanyi, za su haɗa na wata shidan su fitar da matsakaici su auna shi da shekara. Aiki biyu ana haɗawa, da yawa cikinmu da aikin rana da na gadi ko sito a ƙarshen mako muka cike gurbin. In ba ka kai wata 6 a wurin da kake yanzu ba, akwai hanya amma sai ka nuna abu biyu, albashinka na yanzu ya kai, kuma abin da ka samu a wata 12 da suka wuce gaba ɗaya shi ma ya kai 29,000. Don haka in kana shirin kawo iyali ba lokacin tsalle daga wannan aiki zuwa wancan ba ne, ka daure da manajan nan naka mai baƙin rai har fom ya tafi. Masu aikin kansu, masu tasi da masu kai saƙo, naku ya fi kowa yawan takardu, don cikakkiyar shekarar haraji ake dubawa da abin da kuka bayyana wa hukumar haraji ta HMRC, wanda ya saba rage adadi don haraji ya yi sauƙi toh ranar nan abun zai dawo masa.

Ajiya ma tana tsayawa a madadin albashi. In da ajiya zalla za ka shiga, fam 88,500 ne. In kuma cike giɓi za ka yi ga lissafin: abin da ya rage maka ka kai 29,000 ka ninka shi sau biyu da rabi, ka ɗora 16,000 a kai. Misali albashinka 26,000, saura 3,000, sau biyu da rabi 7,500, a haɗa da 16,000 ya zama fam 23,500. Kuɗin nan na iya zama a asusunka ko nata ko na haɗin gwiwa, amma sai ya kwana wata 6 bai taɓa sauka ƙasa da adadin ba ko na yini ɗaya. Kyauta daga Baba ko yaya ta halatta in ta yi wata shidan kuma an bayyana daga ina ta fito, rance bai halatta ba, haka kuɗin adashi da abokai za su zuba maka sati biyu kafin a ciro sitatimen, ana ganinsa ɓaro-ɓaro. Wanda ya sayar da fili ko gida nasa na kansa da ya mallaka fiye da wata 6, kuɗin cinikin na iya shiga ba sai ya jira wata shida ba, in takardun mallaka da na cinikin sun cika. In ajiyar da naira take, da canjin ranar da aka tura fom za a auna, kuma kowa ya san halin naira, kar ka tsaya daidai bakin layi. Masu karɓar tallafin naƙasa ko na kula da mara lafiya irin su PIP da Carer's Allowance su ba a nemansu da 29,000, nasu awon daban ne.

Kana wannan fama a nan, ita kuma a gida tana da nata guda biyu. Na farko Turanci. Najeriya da Ghana ba sa cikin jerin ƙasashen da aka yafe wa jarabawa, duk da Turancin da muke fasawa, kuma sakamakon WAEC ba ya aiki. Matakin A1 ake so, wato na farkon farawa, magana da saurare kawai, babu rubutu. Wadda aka fi yi ita ce IELTS Life Skills, zama ne na ƙasa da minti 20, ita da wani ɗan jarabawar da mai tambaya, ana hira kan iyali da abinci da yanayi da kasuwa, ko ka ci ko ka faɗi, babu maki. Matsalar 'yan matanmu ba rashin Turanci ba ne, kunya ce, a tambaye ta ta sunkuyar da kai ta amsa da kalma ɗaya. Ni sati uku muka yi duk dare minti goma na wayarmu da Turanci muke yi, tana dariya ina dariya, amma ya yi amfani. Ka tabbatar cibiyar da jarabawar suna cikin waɗanda UKVI, hukumar bizar Birtaniya, ta amince da su, IELTS na gama-gari da ake yi don shiga jami'a ba shi ba ne, kuma sakamakon shekara 2 yake yi. In tana da digiri da aka koyar da Turanci, ana iya tura shi Ecctis, masu tantance takardun karatun ƙasashen waje, su tabbatar ya yi daidai da digirin Birtaniya, amma sau da yawa kafin jami'a ta ba ka wasiƙar da ake buƙata an yi jarabawar an manta.

Na biyu gwajin tarin fuka. Ba kowane asibiti ba, sai wanda Home Office ta lissafa, a Najeriya cibiyoyin hukumar kula da ƙaura ta duniya IOM na Abuja da Legas su ne aka fi sani. Hoton ƙirji ne, in ya fita fes a ba ta takarda mai wata 6. In hoton bai gamsar ba sai gwajin majina, shi kuma yana iya cin sati 8. Ga inda lissafi ke shiga, amarya da yawa kafin a zo nan ciki ya shiga, mai ciki kuma zaɓinta uku ne, hoto da kariya ta musamman bayan wata ukun farko, ko gwajin majina, ko ta jira ta haihu. Kar a yi gwajin da wuri sosai har ya mutu kafin takardun albashi su cika, kar kuma a bar shi sai ranar ƙarshe.

Sai wurin zama. Ba sai kana da gidan kanka ba, amma a ga inda za ku zauna babu cunkoso a ma'aunin dokar gidaje ta 1985: ɗaki ɗaya mutum 2, ɗaki biyu mutum 3, ɗaki uku mutum 5, falo na shiga lissafin ɗaki amma kicin da banɗaki ba sa shiga, jariri ƙasa da shekara ɗaya ba a ƙirga shi, yaro ƙasa da shekara 10 rabin mutum ne. Ka sa yarjejeniyar haya da wasiƙar mai gidan cewa ya yarda matarka ta zauna. In gidan haɗaka kake da samari huɗu kowa da ɗakinsa, ko dai ka nemi rahoton masu duba gida ko ka tashi, ni dai shawarata ka tashi, ba don biza kaɗai ba.

Yanzu shaidar cewa auren na gaske ne. A nan al'adarmu na ɗan ba mu matsala ba tare da mun lura ba. Hotunan ɗaurin aurenmu maza ne zalla, manyan riguna da hula ana musabaha, amarya tana can cikin gida. Wanda zai duba fayil ɗin yana neman ku biyu a hoto ɗaya. Toh ka zaɓo na kamu ko dina ko walima ko buɗar kai inda kuke tare, da wanda kuke da iyaye, guda goma zuwa sha biyar sun isa, ka rubuta wuri da rana a ƙarƙashin kowanne. Ka haɗa tikitin jirgi da tambarin shiga da fita na fasfonka na duk zuwan da ka yi. Tarihin kiran WhatsApp, ba sai ka buga hirarku ta soyayya shafi ɗari uku ba, shafi ɗaya ko biyu daga kowane wata da ke nuna suna da kwanan wata ya wadatar. Sannan kuɗin cefane, mun saba ba wa mai tafiya gida a hannu ko a tura wa ɗan canji ya zuba naira, babu sunanka babu nata. Daga yau ka riƙa turawa ta hanyar da ke ba da rasit da sunanka zuwa asusunta ita kanta, ba na ƙaninta ba. A ƙarshe ka rubuta wasiƙa shafi ɗaya, yadda kuka haɗu, yaushe aka kai kuɗin gaisuwa, yaushe aka ɗaura, ina za ku zauna. Ranakun da ke ciki su dace da na fom, kuma ita ma ta san su, don ana iya kiranta.

In duk sun haɗu sai fom, a shafin gov.uk ake cikewa da sunanta, ita ce mai nema kai mai tsaya mata ne. Ku cike tare kuna waya. Tambayar ko an taɓa hana ta bizar wata ƙasa, a faɗi gaskiya ko ta ziyara ce shekara biyar da suka wuce, suna da bayanan, kuma ɓoyewar ta fi hanin illa. A farashin Afrilun 2025 kuɗin nema daga waje fam 1,938 ne, ga kuɗin lafiya na NHS fam 1,035 a kowace shekara wanda ake karɓar na shekara 3 a dunƙule, 3,105, jimla fam 5,043 kafin jarabawa da gwaji da tikiti. Kusan duk shekara suna taɓa farashin, ka duba na ranar. In an hana, kuɗin lafiyar na dawowa, na nema kuwa ya tafi. Bayan biya sai a ɗauki rana a cibiyar karɓar takardun biza ta VFS Global a Abuja ko Legas, a ɗora takardu a intanet kafin ranar, ta je da fasfo a ɗauki hoto da zanen yatsu. Ka jera takardun da suna mai ma'ana, na kuɗi wuri ɗaya na aure wuri ɗaya, hoto mai haske ba wanda aka ɗauka a kan katifa da inuwar hannu ba.

Jira kusan sati 12 ne a ƙa'ida, akwai na gaggawa da ƙarin fam 500 da ke saukowa wajen kwanakin aiki 30. Ku riƙa duba imel har da akwatin tarkace, wani lokaci suna neman ƙarin takarda su ba da 'yan kwanaki. Kar ka sayi tikiti, kar ta ajiye aiki, kar a fara rabon kayan ɗaki sai amsa ta fito. In aka hana akwai damar ɗaukaka ƙara cikin kwana 28, amma ka karanta dalilin da kyau, in takarda ɗaya ce ta ɓace sau da yawa sake nema ya fi sauri a kan jiran kotu, a nan ne kuɗin lauya mai rajista ke da amfani.

In ta fito, wata 33 ake bayarwa. Katin izinin zama na BRP da aka sani an daina, na ƙarshensu sun mutu 31 ga Disamba 2024, yanzu komai eVisa ne, biza ta intanet, wato sai ta buɗe asusun UKVI ta haɗa shi da fasfonta. Imel ɗinta da lambarta za a sa, ba na ejan ba, ba naka ba, kuma duk ranar da ta sabunta fasfo ta shiga ta sa sabuwar lamba tun kafin tafiya. Daga cikin asusun nan take ciro abin da ake kira share code, lamba ce da za ta ba mai ɗaukar aiki tare da ranar haihuwarta ya shiga ya ga tana da izini, tana yin kwana 90, in ta mutu a ciro wata kyauta. Shikenan izinin aikin da ake ta faɗa. Sai ta nemi lambar National Insurance, wadda ake amfani da ita wajen albashi da haraji, a intanet, kyauta ce, kuma tana iya fara aiki kafin ta iso. A satin farko ku yi rajista da likitan unguwa, ku buɗe mata asusun banki. In nas ce ko likita, biza ta ba ta izinin aiki amma sai ta yi rajista da hukumar nas-nas ta NMC ko ta likitoci GMC kafin ta taɓa mara lafiya. Lasin tuƙinta na gida yana yi mata wata 12. Abin da ba ta da shi shi ne tallafin gwamnati irin su Universal Credit da kuɗin gida, kar a nema da sunanta.

Ga aikin da ba wanda ya gaya min sai da na kusa makara. Tun watan farko ka sa sunanta a takardun gida, harajin kansil, wuta da gas, ruwa, yarjejeniyar haya. Ka samu kwali ɗaya, namu na takalmi ne yana saman firij, duk wasiƙar da ta zo da sunanku biyu ko nata ita kaɗai a wannan adireshin a jefa ciki. Ranar sabuntawa za a nemi shaidar kuna tare a tsawon shekara biyun da suka wuce, wasiƙu daga wurare daban-daban a warwatse cikin watanni, ba guda shida na wata ɗaya ba. Mu da muka saba komai da sunan maigida, sai ranar ta zo ka ga babu inda sunan matar ya fito sai katin asibiti.

Sai maganar tafiya gida haihuwa da wankan jego. Hajiya za ta ce a kawo ta gida, kwana arba'in ya zama wata takwas. Ku yi shawara da kyau. Doguwar rabuwa na jawo tambaya ranar sabuntawa, sannan ga ta ɗan: wanda aka haifa a Birtaniya uba ko uwa na da ILR ko fasfon ƙasar, ɗan ƙasa ne kai tsaye, amma in ILR kaɗai gare ka aka haife shi a Kano, ba ɗan ƙasa ba ne, sai an nema masa tasa bizar da nasa kuɗin. Da yawa sun gwammace a nemo wa Hajiya bizar ziyara ta zo ta yi wankan a nan.

Kafin wata 33 su ƙare sai sabuntawa daga ciki, ana iya turawa tun saura kwana 28 ta cika wata 30 da shigowa. A farashin 2025 fam 1,321 ne da kuɗin lafiya 2,587.50, a ba ta wata 30. Wannan karon Turancin A2 ne, kuma albashinta na haɗuwa da naka wajen cike 29,000, wanda kuma ya fara shiga tsarin kafin 11 ga Afrilu 2024 yana nan kan 18,600 ɗinsa. Muddin an tura kafin tsohuwar ta mutu, izinin zamanta da na aikinta na ci gaba har amsa ta fito, ko wurin aiki sun fara ƙorafi akwai hanyar da suke tambayar Home Office su tabbatar. In aka bari ta mutu ko da kwana kaɗan ne, izinin aikin ya tsaya.

Wani abu da ya kamata ita ta sani da bakinka ko ba da bakinka ba: bizar a jikin auren take, in aure ya mutu dole a sanar da Home Office. Amma in mijin ya rasu tana iya neman zaman dindindin kai tsaye, haka in duka ko azabtarwa ce ta kashe auren akwai hanya ta musamman da ke ba ta izinin wata 3 da tallafi ta kuma nemi zaman dindindin da kanta. Masu riƙe fasfon mace suna cewa ni na kawo ki ni zan mai da ke, doka ba ta tare da su.

In shekara 5 ta cika a kan wannan hanyar sai ILR, fam 3,029 a farashin 2025, da Turanci mataki na gaba wanda B1 ne lokacin da muka yi namu, da jarabawar Life in the UK kan tarihi da rayuwar Birtaniya, tambaya 24 cikin minti 45, sai an ci 18, fam 50 kowane zama. Matata a kicin ta haddace sarakunan Ingila da matan Sarki Henry na takwas su shida tana tuƙa tuwo, ta ci a zama ɗaya, ni da na riga ta zuwa sai a na biyu. Daga ranar da ILR ta fito babu sauran kuɗin lafiya, babu sabuntawa, kuma in mijin ɗan ƙasa ne ba sai ta jira shekara ɗaya ba, tana iya neman zama 'yar ƙasa nan take. 'Yar Najeriya ta haihuwa ba ta rasa ƙasarta don ta karɓi ta biyu, sai dai ta riƙa sabunta koren fasfonta a kan lokaci, don da shi za ta sauka a Kano ba tare da neman biza ba.